Diyyar Asarar Zaman Aure: Haƙƙin Wanda Rauni Bai Taɓa Jikinsa Ba

Idan direba ya yi ganganci ya buge magidanci har lakarsa ta taɓu, ko injin masana'anta ya naƙasa matar aure, ba a jayayya cewa wanda ya ji raunin yana da haƙƙin a biya shi kuɗin magani, da abin da ya daina samu na sana'a, da raɗaɗin da ya sha. Ruɗanin yana farawa ne idan aka ji cewa a wasu ƙasashe matar wanda aka buge ɗin ma tana iya shigar da ƙara da sunanta ta nemi diyya, alhali ko ƙwarzane ba ta yi ba. Wasu na ɗaukar abin kwaɗayi ne kawai, wasu na ganin an sa wa ƙauna farashi, wasu kuma na zaton dabara ce ta karɓar diyya sau biyu a kan rauni ɗaya. Hukunce-hukuncen kotunan ƙasashe da dama sun nuna cewa cutarwar da ake magana a kanta ta gaske ce, daban take da ta wanda ya ji raunin, kuma ta cancanci doka ta san da zamanta. Sai dai hakan yana da sharuɗɗa biyu: miji da mata su zama daidai a wannan haƙƙi, kuma a yi masa iyaka sananniya tun kafin a je gaban alƙali. Duk inda aka rasa ɗaya daga cikin biyun, ƙorafin masu adawa yakan sami gindin zama.

Ma'anar kalmomin da ake amfani da su

Diyya a wannan bayani ita ce kuɗin da kotu ke umartar wanda ya yi ɓarna ya biya wanda ya cutar. Ta bambanta da tara, wadda ke shiga baitulmalin gwamnati, ta kuma bambanta da diyyar jini da gaɓoɓi ta fiƙihu, wadda ke da adadi ƙayyadadde. Sakaci kuwa shi ne mutum ya kasa yin taka-tsantsan ɗin da ake sa ran mai hankali zai yi a irin halin da yake ciki, kamar direba ya yi gudun da ya wuce kima a cikin kasuwa, ko mai masana'anta ya bar inji babu kariya. Lauyoyin ƙasashen da suka gaji dokar Ingila suna kiran abin da aka rasa da kalmar Latin consortium, wato tarayyar rayuwa tsakanin ma'aurata. Kotuna sun lissafa abin da ke cikinta: shaƙuwa da ɗebe wa juna kewa, shawara da kwantar da hankali, taimakon juna a hidimar gida da tarbiyyar yara, kwanciyar aure, da damar samun haihuwa. Idan rauni ya raba ma'aurata da waɗannan ko ya rage su ƙwarai, shi ne abin da za mu riƙa kira asarar zaman aure.

Akwai abubuwa uku da ya kamata a ware daga wannan diyya. Na farko, albashin da mai rauni ya rasa da kuɗin asibitinsa suna cikin ƙararsa ne shi kansa. Na biyu, diyyar da iyali ke nema idan mutum ya mutu tana da nata dokokin daban, ko da yake batutuwan biyu suna kusa da juna. Na uku, wannan ƙara a rataye take a jikin ta mai raunin: idan ba a tabbatar da laifin wanda ake ƙara ba, ita ma ta faɗi, kuma a wurare da yawa idan aka sami mai raunin da wani kaso na sakacin, sai a rage wa abokin zamansa daidai wannan kason. Galibi ana kuma buƙatar auren ya riga raunin, domin wanda ya auri mai naƙasa da saninsa bai rasa wani abin da yake da shi a da ba.

Asalin haƙƙin

Ba tausayi ne ya haifi wannan haƙƙi ba. A tsohuwar dokar Ingila, wadda alƙalai suka gina hukunci bayan hukunci, ubangida yana iya ƙarar wanda ya raunata baransa saboda hidimar da ya rasa, kuma a kan wannan ma'auni aka ɗora miji da matarsa. William Blackstone, a sharhinsa na dokokin Ingila da ya fito tsakanin 1765 da 1769, ya bayyana cewa doka na ɗaukar miji da mata mutum ɗaya ne, matar na ƙarƙashin inuwar mijin, kuma na sama ne ke da haƙƙi a kan hidima da zaman na ƙasa, ba akasin haka ba. Saboda haka idan aka raunata mace, mijinta na da ƙara. Idan aka raunata namiji, matarsa ba ta da ta cewa, tun da a lokacin ko ƙarar kanta ba ta iya shigarwa sai da shi. Shari'ar Baker da Bolton ta 1808 ta nuna yadda tunanin yake. Keken dokin haya ya kife da wasu ma'aurata, matar ta yi jinyar kusan wata ɗaya ta rasu, sai alƙali Lord Ellenborough ya ce mijin zai karɓi diyyar rashin zama da ita ne daga ranar hatsarin zuwa ranar rasuwarta kawai, domin a kotun neman haƙƙi mutuwar mutum ba ɓarna ba ce da za a kai ƙara a kanta.

Wannan ginshiƙi ya fara rushewa ne lokacin da dokoki suka ba matan aure ikon mallakar dukiya da shigar da ƙara da sunansu, kamar dokar Ingila ta 1882 da makamantanta a jihohin Amurka. Da zarar mace ta zama mai cin gashin kanta a idon doka, hujjar cewa hidimarta mallakin miji ce ta ƙare. Sai tambaya ta taso wadda kowace ƙasa ta amsa yadda ta ga dama: tun da dalilin farko ya mutu, a binne haƙƙin tare da shi, ko kuwa akwai wani dalili na daban da zai sa a bar shi a kuma ba mace irinsa?

Hanyoyi uku da ƙasashe suka bi

Ingila ta zaɓi sokewa. A shari'ar Best da kamfanin Samuel Fox a 1952, wani mutum ya ji rauni a wurin aiki har ya kasa kusantar iyalinsa, matarsa ta nemi diyya, sai alƙalan Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda ita ce kotun ƙoli a lokacin, suka hana ta. Ba su ce bambancin da ke tsakaninta da namiji adalci ba ne. Cewa suka yi haƙƙin mijin kansa ragowar wani zamani ne da ya shuɗe, bai kamata a faɗaɗa shi ba. Bayan shekara 30, dokar gudanar da shari'a ta 1982 ta soke shi baki ɗaya a Ingila da Wales, ta kawo wani kuɗi ƙayyadadde da ake biya saboda baƙin cikin rasuwa, wanda ya fara daga fam 3,500 ya kai fam 15,120 a 2020. Sakamakon shi ne aka juya hukuncin 1808 a baibai: yanzu idan miji ya mutu matarsa na da wannan kuɗi, idan kuwa ya rayu jikinsa a shanye shekara 40, ba ta da komai da sunanta. Abin da doka ta bari shi ne mai raunin ya saka ladan jinyar da iyalinsa ke yi masa a cikin ƙararsa, kuma hukuncin Hunt da Severs na 1994 ya ce wannan kuɗi amana ne a hannunsa domin mai jinyar.

Amurka ta bi hanyar daidaitawa. A 1950, a shari'ar Hitaffer da kamfanin Argonne, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Washinton ta ba wata mata damar neman diyya saboda raunin da mijinta ya ji a wurin aiki, tana mai cewa babu dalilin da zai sa a yarda miji na asara a ƙi yarda mata na yi. Jihohi suka riƙa bin sahu, Illinois a 1960, New York a 1968. Shari'ar da aka fi ambato ita ce ta Rodriguez da kamfanin Bethlehem Steel a Kalifoniya a 1974. Mijin na da shekara 22, matar na da 20, wata 16 da aurensu, wani bututu mai nauyin sama da kilo 270 ya faɗo masa a ka yana bakin aiki, ya lalata masa laka, ƙafafunsa biyu suka shanye. Matar ta bar aikinta ta koma jinyarsa dare da rana, damar haihuwa kuma ta kuɓuce musu. Kotun ƙolin jihar ta warware hukunce-hukuncenta na baya ta ce matar na da ƙara. Yau mafi yawan jihohin Amurka sun yarda da haƙƙin ga miji da mata. Kotun ƙolin Ailan ta kai ga irin wannan matsaya a 1992 a shari'ar McKinley, wadda ta shafi matar wani soja, inda ta dogara da daidaiton da tsarin mulkin ƙasar ya tanada. A Ostireliya kuwa jihohi sun rabu, wasu sun soke, wasu sun ba mata.

Hanya ta uku ita ce amincewa da haƙƙin tare da ƙayyade kuɗinsa. A 2017 kotun ƙolin Indiya, a shari'ar Pranay Sethi, ta sa rupi 40,000 a matsayin diyyar asarar zaman aure ga wanda abokin zamansa ya mutu a hatsarin mota, tare da ƙarin kashi 10 cikin 100 duk shekara uku. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne dokar inshora ta ƙungiyar CIMA, wadda ƙasashen Afirka 14 suka kafa da yarjejeniyar Yawunde ta 1992, cikinsu har da Nijar da Kamaru da Cadi. Dokar ta tanadi cewa idan hatsarin mota ya naƙasa mutum gaba ɗaya, abokin aurensa kaɗai ke da damar neman diyyar ƙuncin da ya shiga, kuma an ɗaure adadin da ma'aunin mafi ƙarancin albashi na shekara, iyaka ɗaya ga duk masu haƙƙin ko da matan sun fi ɗaya.

Hujjojin masu adawa da abin da za a ce a kansu

Hujja ta farko ita ce biya sau biyu. Idan an biya mai rauni albashinsa da ya rasa, ai matarsa ma ta amfana, to me kuma za a ƙara mata? Wannan damuwa tana da tushe, amma maganinta rarrabe asarar ne. Kotun da ta yanke shari'ar Rodriguez ta faɗa ƙarara cewa matar ba za ta nemi ciyarwar da ta rasa ko ladan jinyar da take yi ba, domin waɗannan suna cikin ƙarar mijin. Abin da ya rage mata shi ne abin da ba ya cikin lissafinsa ko kaɗan. An biya shi don ya rasa ƙafafunsa, amma ba a biya kowa ba don yarinya 'yar shekara 20 ta wayi gari mijinta ya zama majinyacinta har ƙarshen rayuwa. Domin a tabbatar ba a lissafa abu ɗaya sau biyu ba, jihohin Amurka da dama sun ce a haɗa ƙararrakin biyu a saurare su tare a gaban kotu ɗaya.

Hujja ta biyu ita ce ba a auna ƙauna da kuɗi. Gaskiya ne, amma ido ma ba a auna shi da kuɗi, haka hannu, haka raɗaɗin ƙuna, kuma babu wanda ya ce a daina biyan diyyarsu saboda haka. Kotu ba ta da ikon mayar da lafiya, kuɗi kaɗai take iya umarta a biya. Idan wahalar aunawa ta zama dalilin hanawa, to wanda ya yi ɓarnar da ta fi girma, wadda ba ta misaltuwa, shi zai fi tsira. Amfanin kuɗin ma a fili yake: da shi mai jinya kan ɗauki wanda zai karɓe ta na wasu sa'o'i, ta ga likita idan damuwa ta yi mata yawa, ta riƙe gidan kada ya watse. Duk da haka akwai ɓangaren hujjar da ba a iya turewa. A Amurka, inda juri ke yanke adadin, wato mutanen gari da ake zaɓowa su zauna tare da alƙali, rauni iri ɗaya na iya jawo kuɗi kaɗan a wata kotu ya jawo mai yawan gaske a wata. Wannan rashin tabbas ne ya sa wasu jihohi suka sa iyaka. Kalifoniya ta ƙayyade diyyar da ba ta dukiya ba a shari'o'in sakacin likitoci a dala 250,000 a 1975, ta ɗaga ta zuwa 350,000 a 2023 ga wanda bai mutu ba. Abin da wannan ke nunawa shi ne buƙatar ma'auni.

Hujja ta uku ta fi ƙarfi: ina za a tsaya? Abin da ya taɓa hanci, ido sai ya yi ruwa, kuma ba matar kaɗai ke kuka ba. Akwai 'ya'ya, akwai uwa, akwai 'yan'uwa. Kotun Kalifoniya ta fuskanci wannan shekara uku bayan Rodriguez, a shari'ar Borer ta 1977, inda 'ya'ya tara na wata mata da ta ji rauni a filin jirgin sama suka nemi diyyar rashin kulawar uwarsu. Kotun ta hana, saboda yawan masu ƙara zai ninka nauyin da ke kan wanda ake ƙara da kamfanonin inshora. Kotun Masacusets kuwa ta yarda da ƙarar 'ya'ya a 1980. Haka aka saɓa a kan masu zama tare ba aure: Kalifoniya ta hana su a 1988, New Mexico ta yarda a 2003 idan an tabbatar da ƙarfin alaƙar. Dole a yarda cewa duk iyakar da aka shata za ta bar wani mai asara ta gaske a waje. Amma aure na da abin da ya keɓanta da shi. Alkawari ne da doka ta san da shi, yana da shaidu da ranar ɗaura shi, yana ɗora wajibai a kan kowane ɓangare, kuma wasu daga cikin abubuwan da aka rasa, kamar kwanciya da haihuwa, ba a halatta wa mai aure ya neme su a wajen aure. Direba mai hankali ya san babban mutumin da ke gabansa a hanya mai yiwuwa yana da iyali, don haka cutarwar ba abin ba-zata ba ce.

Hujja ta huɗu ba a cika faɗinta ba, ga shi kuwa ta fi shafar mutanenmu: tonon asiri. Wanda ya ce ya rasa daɗin zaman aure sai ya nuna cewa akwai daɗin tun farko. Lauyan wanda ake ƙara na da damar tambayar ko sun taɓa rabuwa, ko ana yawan faɗa, har da yadda kwanciyarsu take kafin hatsarin da bayansa. Akwai ma'auratan da kan haƙura da ƙarar saboda wannan kaɗai. A nan ma ƙayyade adadin na da fa'ida, domin idan rahoton likita a kan girman naƙasar da shaidar auren sun wadatar, babu buƙatar a baje sirrin ɗaki a zauren kotu.

Mahangar fiƙihun Musulunci

Mai karatu Musulmi zai so sanin inda wannan ya faɗa a fiƙihu. Diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa a mazhabar Malikiyya, kuma Risalar Ibn Abi Zaid ta lissafa gaɓoɓi da amfanonin jiki da ake biyan cikakkiyar diyya a kansu, kamar gushewar hankali da karyewar gadon baya da lalacewar al'aurar namiji. Wannan na nuna cewa sa adadin dukiya a kan abin da ba a sayarwa a kasuwa ba baƙon abu ba ne a shari'a, kuma ƙayyade shi tun farko shi ne tsarinta. Sai dai diyyar rauni ta mai raunin ce, littattafan magabata ba su ware wa abokin aure wani kaso da sunansa ba. A ɓangaren kisa, littattafan hadisi, ciki har da Muwaɗɗa Malik da Sunan Abi Dawud, sun kawo cewa Dahhak ɗan Sufyan ya shaida wa Sayyidina Umar cewa Annabi (SAW) ya rubuto masa ya ba matar Ashyam al-Dibabi gado daga diyyar mijinta, Umar kuwa ya yi hukunci da hakan. Wannan gado ne, ba ƙara mai zaman kanta ba, bai kamata a cakuɗa su ba.

Malaman zamani sun saɓa a kan biyan kuɗi saboda cutarwar da ba ta taɓa jiki ko dukiya ba. Masu hanawa na cewa ba ta da ma'auni kuma ba a san ta daga magabata ba. Masu halattawa na dogara da ƙa'idar nan ta cewa cuta ana gusar da ita, da kuma ikon da alƙali ke da shi na ƙiyasta diyyar raunin da nassi bai ƙayyade ba. Hukuncin wannan na malamai ne. Amma ko a mahangar masu hanawa akwai ɓangaren da ke lissafuwa: matar da ta rufe sana'arta ta zauna jinya ta yi asarar dukiya, kuma wanda ya jawo raunin shi ne sanadi.

Abin da hakan ke nufi a Najeriya da maƙwabtanta

Najeriya ta gaji dokar alƙalan Ingila tare da dokokin majalisarta na gama-gari da ke aiki ranar 1 ga Janairun 1900, don haka sokewar da Ingila ta yi a 1982 ba ta hau kanta ba. A lokaci guda sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya haramta nuna bambanci saboda jinsi. Duk wanda zai kare tsohon tsarin da ya ba miji kaɗai sai ya fuskanci irin hujjar da ta yi nasara a Ailan. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke gudanarwa, tana biyan ma'aikacin da ya naƙasa da kuma iyalan wanda ya rasu a bakin aiki ba tare da sai an tabbatar da laifin kowa ba, amma hankalinta na kan samun da aka rasa ne.

Akwai abubuwan da ke wurinmu waɗanda alƙalan Landan da Kalifoniya ba su yi tunaninsu ba. Magidanci mai mata uku idan ya naƙasa, ukun duka sun yi asara, kuma ba daidai ba ne a ce uwargida kaɗai ke da haƙƙi, ba kuma daidai ba ne nauyin direba ya ninka uku saboda abin da ba shi da hanyar sani. Tsarin CIMA na iyaka ɗaya da za a raba ya ba da mafita mai ma'ana. Haka idan ɗaya daga cikin matan ce ta ji raunin, kada a ce mijin bai yi asara ba don yana da wasu, ko da yake ana iya la'akari da hakan wajen adadin. Sannan yawancin aurenmu ba shi da takardar rajista, saboda haka dole shaidar waliyyi da sadaki da waɗanda suka halarci ɗaurin auren ta wadatar, in ba haka ba haƙƙin zai zama na 'yan birni masu takardu kaɗai.

Game da tsada, babu musu cewa duk sabon nau'in diyya yana komawa kan kuɗin inshorar da masu motoci da masana'antu ke biya. Idan aka taƙaita shi ga naƙasa mai tsanani ta dindindin, aka kuma san adadinsa, kamfanin inshora na iya lissafa shi tun farko, kuma sulhu a wajen kotu ya fi sauƙi tun da kowa ya san abin da alƙali zai bayar. Babban cikas shi ne yawan motocin da ke yawo da takardun inshora na jabu ko babu takardun sam, domin hukuncin da babu mai biyansa ba ya amfanar kowa. Gyaran doka a nan sai ya tafi tare da tilasta inshora ta gaskiya.

Matsayar da hujjoji suka kai mu

Sokewar da Ingila ta yi ta kawar da bambanci tsakanin miji da mata ta hanyar hana su duka, ta bar mai jinya babu haƙƙin kansa. Tsarin Amurka ya amince da asarar amma ya bar adadin ga sa'ar kotun da aka je, ya kuma sa ma'aurata tona asirinsu. Wanda ya fi dacewa shi ne a haɗa amincewar Amurka da ƙayyadewar Indiya da CIMA, wadda ta yi daidai da tsarin da fiƙihu ya saba da shi na sanin adadi tun farko. A aikace wannan na nufin majalisun dokoki su rubuta haƙƙin a fili ga miji da mata, su taƙaita shi ga naƙasa mai tsanani da likita ya tabbatar, su ɗaure adadin da mafi ƙarancin albashi domin ya riƙa tashi tare da tsadar rayuwa, su sa iyaka ɗaya ga gida mai mata fiye da ɗaya, su karɓi auren Musulunci da na gargajiya da shaidunsu, su kuma wajabta sauraron ƙarar tare da ta mai raunin, a biya kuɗin kai tsaye a hannun mai haƙƙin.